Ɓaraguzan gyaran gida: wa zai kwashe?

A watan Mayun 2024 na sa aka yi wa gidanmu na gado gyara a cikin birnin Kano, kafin damina ta kankama. Aikin shi ne a rushe katangar tsakar gida, a fasa daɓen ɗakuna biyu a sa tayil, a sauya kwanon ɗakin Hajiya da ke yoyo. Muka yi jinga da magini, na ba shi kafin alƙalami, ya zo da leburorinsa. Hannunsa na da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Abin da aikin ya bari a lungu shi ya haɗa mu.

Tarkacen gyara iri biyu ne. Akwai mai kuɗi: tsohon kwano, guntayen rodi, ƙofar ƙarfe. Akwai kuma ɓaraguzai, wato fasasshen bulo, ɓawon daɓe, buhunan siminti, katako mai ƙusa. Mai kuɗin nan da nan ya yi ƙafa. Na dawo daga kasuwa na tarar da ɗan gwangwan ya rataye sikelinsa a ƙofar gida, yaran magini suna miƙa masa kwano yana aunawa. Da na yi magana, magini ya ce, "Alhaji, ai haka ake yi, na yara ne su sha ruwa." Na bar shi a haka.

Ranar da ya zo karɓar cikon kuɗinsa na nuna masa tsibin da ya tare rabin lungu. Na ce, "Malam, wannan fa?" Ya ce, "Gini ka ɗauke ni, Alhaji, ba kwasar shara ba, jingarmu babu tifa a ciki." Maganarsa ba ta rasa hujja ba. Lungunmu tifa ba ta shiga, dole a yi jigila da baro zuwa bakin titi, sannan a loda da shebur. Kuɗi biyu ke nan, na lebura da na mota, ga man gas ya yi tsada. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in duk abin da ya fito daga katangar nawa ne, to kwanon ma nawa ne. In kuwa na mai aiki ne, ya haɗa duka ya kwashe. Ba a cin tsoka a bar wa mai gida ƙashi.

Muna wannan ja-in-ja aka yi ruwan farko. Yashi da garin siminti suka gangara kwata suka toshe ta, ruwa ya koma zauren maƙwabcina. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin mutumin da ba ya cikin cinikinmu shi ya kwana yana kwalfar ruwa. Yaron da ke kwasar mana shara da baro ya ce shi ba ya ɗaukar bulo. Ga Asabar ɗin ƙarshen wata ta matso, ranar tsaftar muhalli, kuma ƙofar da aka ga tsibi, mai ƙofar ake tambaya, ba magini ba.

Mai unguwa ne ya raba mu, a tsaye ma. Ya ce tunda yara sun ci kuɗin ƙarfe, su fitar da ɓaraguzan zuwa titi su yashe kwata, mota kuma a wuyana. Na ce, "Ranka ya daɗe, na yarda." Magini ya ɗan yi gunaguni, amma washegari da sassafe sai ga baro biyu.

A nan na gane ɓaraguzan ma suna da masu so. Wani dattijo ya haɗa ni da mai cike fili a bakin kududdufi, ya turo tifarsa, ko kwabo ban biya ba. Sharaɗinsa ɗaya: ciko zalla, ba leda, ba buhu, ba katako. Sai da muka tsaya tsincewa, tunda komai a cakuɗe aka zuba shi. Tsohon silin na asbestos kuwa na hana a farfasa shi, domin ƙurarsa na lalata huhu. Aka jiƙa shi da ruwa, aka ɗaure a buhu daban.

Da zan gyara banɗaki bayan damina, maginin nan na sake kira. Kafin ya ɗaga guduma muka rubuta a takarda gaban shaida: ƙarfe nasa ne, fitar da ɓaraguzai zuwa titi kowace yamma nasa ne, bulo gefe guda, shara gefe guda, mota tawa ce. Cikon kuɗi sai na zagaya lungu na duba kwata. Ya karanta, ya nemi ƙarin kuɗin lebura ɗaya, na ƙara masa.