Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ɗan Masaƙar Greenville

Assalamu alaikum masu bibiya. Makon jiya mun tsaya a inda na samu ɗakin haya a Greenville, jihar Karolina ta Kudu a Amurka. Yau zan ɗan ratse, don akwai wani mutum da ya rasu tun 1951 amma ya tsaya mini a rai duk zamana a garin, wato Joe Jackson, ɗan wasan besbol (wasan da ake buga ƙwallo da sanda) mai tsaron bayan fili.

An ɗauko gidansa ɗungurungum an kafa kusa da filin wasa na Fluor Field, aka mayar da shi gidan tarihi. Da na shiga, abin da ya fara kama ni shi ne labarin masaƙa. Tun yana ɗan shekara shida ko bakwai yake aiki a masaƙar Brandon, bai yi makaranta ba, har ya koma ga Mahaliccinsa karatu da rubutu sun gagare shi. Mahaifina ya ƙare ƙuruciyarsa a masaƙa a Kakuri, Kaduna, na san yadda ƙurar auduga ke maƙale wa mutum a gashi da maƙogwaro. Da na ba shi labarin ta waya, sai ya yi shiru, can ya ce, "Yaro ƙarami a gaban inji? Allah ya kyauta."

Ƙungiyar besbol ta masaƙar ce ta fito da Jackson. A 1908 sabon takalmi ya yi masa bororo a ƙafa, ya cire ya buga wasa da safa, laƙabin Shoeless, wato marar takalmi, ya bi shi har kabari. A shekarar Connie Mack, manajan wata ƙungiya ta Philadelphia, ya ɗauke shi zuwa can, abokan wasa suka riƙa yi masa ba'ar ƙauyanci, ya gudo gida. Sai a Cleveland ya samu natsuwa. A 1911 ya dace a bugu 408 cikin kowane 1000, kuma har yau babu sabon ɗan wasa da ya kamo wannan. Sandarsa ma suna gare ta, Black Betsy.

A 1915 ya koma Chicago White Sox, suka ci kofi a 1917. Sannan 1919 ta zo, aka zargi 'yan wasa takwas da sayar da wasannin ƙarshe ga 'yan caca, abokiyar karawarsu Cincinnati ta ɗauke kofin. Jackson ya amsa cewa ya karɓi dala 5,000. Ba na wanke shi daga wannan, kuɗin haram ne ya taɓa. Amma a wasannin ya dace sau 12, bai yi kuskure ko ɗaya a fili ba. Abin da ke ci mini rai shi ne mutumin da matarsa Katie ke karanta masa wasiƙa, har ta sa masa hannu, shi ne ya tsinci kansa tsakanin lauyoyi da takardu. Kotu ta sallame su a 1921, amma Alƙali Landis, shugaban wasan, ya kore su har abada.

Daga baya Jackson ya dawo Greenville ya buɗe kanti. Sai a watan Mayun 2025 aka cire sunansa daga jerin korarru, shekara 73 bayan mutuwarsa.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan kawo muku yadda na yi azumin farko a garin.