Palermo: wane coci ne ya cancanci ƙafarka?

Duk mai zuwa Palermo a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya babban cocin garin ake fara nuna masa, ni kuma nace ka tsaya daga waje ya isheka. An gina shi a 1185 a wurin da babban masallacin birnin yake lokacin da Larabawa ke riƙe da garin, daga 831 har Turawan Norman suka ƙwace a 1072. Daga waje kam masha Allah, amma cikin an sake masa fasali a ƙarshen ƙarni na 18, fari fat, ba wani abin a zo a gani.

Abinda ya tsayar da ni yana bakin ƙofar da ake shiga ta gefen fili. Akwai wani ginshiƙi ta hannun hagu da aka sassaƙa rubutun Larabci a jikinsa, mutane sai wucewa suke ba mai ko kallo, na matsa ina haɗa baƙi a hankali sai naji bakina ya kama, ashe aya ta 54 ce a Suratul A'araf, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Aya a ƙofar coci, shekara ɗaruruwa, ba wanda ya kankare! Har yau in na tuna sai na girgiza kai.

In kuwa wuri ɗaya kawai zaka biya kuɗin shiga, to ka biya na Cappella Palatina, ƙaramin cocin cikin fadar sarakunan Norman da Sarki Roger na biyu ya gina aka keɓe shi a 1140. Bangon duk ƙananan duwatsu ne masu ruwan zinare aikin Rumawan Gabas, rufin kuma katako ne da aka ƙera shi rami-rami kamar saƙar zuma irin na gine-ginen Musulunci, da zanen mutane suna kiɗa suna shaye-shaye, ga rubutun Larabci zagaye. Wuyanka zai yi ciwo don kallon sama. Matsalar wurin ƙarami ne, da motocin yan yawon buɗe ido sun sauke mutane shikenan sai turereniya, ka sammaka kawai. Kuma fadar nan majalisar yankin Sisili ke zama a ciki, ranar da suke zama ana rufe wasu ɗakunan.

Cocin Martorana da na San Cataldo mai jajayen ƙubbobi uku suna dab da juna, awa ɗaya ta ishesu. Martorana ta 1143 ce, ita ma akwai Larabci a jikin ginshiƙanta, sai dai bayan na farkon nan bai ƙara girgiza ni ba.

Babban cocin garin Monreale kuma, a wajen Palermo, sai ka hau bas mai lamba 389 ka haura tudu, girma kam ya ninka Palatina nesa ba kusa ba, zinare ko ina, amma ni dai ƙaramin ya fi shiga raina. Mata a rufe kafaɗa, maza banda gajeren wando, in ba haka ba a ƙofa za a tare ka. Abinci kuwa ka gangara kasuwar Ballarò, yan Najeriya da Gana suna nan da shagunansu, har garin rogo da manja zaka samu.