Abin da ya raba ni da ɗakin tausa

Na ajiye aiki a gidan tausar da nake yi a nan Damagaram, kuma waɗanda muka zauna tare sun san ba gajiya ta kore ni ba. Maganar masu farfaɗiya ce ta haɗa ni da maigidan wurin.

Tausa tana yi musu amfani, wannan da hannuna na gani. Wanda ya faɗi jiya, yau za ka taras wuya da kafaɗu da gadon baya duk sun yi masa tsami. In an bi su a hankali sai jiki ya saki, barci ya samu, ga shi kuwa rashin barci da damuwa suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Amma iyakarta ke nan. Ciwon a ƙwaƙwalwa yake, sau da yawa tabon sanƙarau ne, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko wahalar da jariri ya sha wajen haihuwa.

Maigidan ya san haka sarai, sai dai ya hango kasuwa. Ya riƙa ce wa iyaye in suka dage da biyan kuɗin tausa, ɗansu zai rabu da shan ƙwaya. Akwai wata yarinya da ake kawowa daga wajen Mirya. Uwarta ta ɗauki maganarsa, ta yanke mata Gardenal farat ɗaya, maganin farfaɗiyar da ba a tsayar da shi sai da sanin likita, a rage kaɗan-kaɗan. Ba a yi sati biyu ba ciwon ya kayar da ita cikin murhu, hannun dama ya ƙone, yatsu suka ƙanƙance. Na ce wa uwar: "Inna, don girman Allah ki mayar da ita kan maganinta, tausa ba ta tsayar da faɗuwa." Da maigidan ya ji, a gaban kowa ya ce mini: "Ke likita ce ko mai tausa?" Ya janye mini majinyata, ya zaftare albashina. Ba wanda ya buɗe baki, kuma har yau abin yana ci mini rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu ciwon za su iya daina faɗuwa in suna samun magani yadda ya kamata. Wannan damar ya so ya raba yarinyar da ita saboda ƴan jikkuna.

Sauran darussan da na koya wajen yi wa masu farfaɗiya tausa gajeru ne. A guji man zafi mai kafur. A tambayi mutum ko ya sha maganinsa kafin ya hau gado. In ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki, in ya wuce minti 5 a garzaya da shi likita. Kumfar bakinsa ba ta sa wa kowa ciwon, na sha goge ta lafiyata lau.

Shi kuwa maigidan, har gobe irin alkawarin da yake yi wa mutanen ƙauye ke nan, suna sayar da akuya su biya shi.