Ɗan lifidi a tafin hannu

Tun ina yaro nake ɗibar laka a bakin Gulbin Maraɗi ina gina shanu da raƙuma kamar sauran yara, amma sai da na girma na shiga karatun tarihin garinmu sannan hannuna ya koma kan mayaƙa. Yanzu ƙananan dakaru nake ginawa, kowannensu bai wuce tsawon yatsa ba, kuma babu wanda ya ba ni wahala a cikinsu kamar ɗan lifidi, wato barden da ake lulluɓe dokinsa da rigar kariya.

Dalilin da ya sa na nace masa shi ne yaƙin Gawakuke na shekarar 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kara da taron dangin Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda. Bayan wannan yaƙi ne Gobirawa suka kafa Tsibiri, nan kusa da mu. Littattafai sun riƙe sunayen sarakuna, ni kuwa so nake in ga yadda barden da ke gefen sarki yake zaune a kan sirdi.

Da wayar ƙarfe nake fara ƙashin doki, in lanƙwasa ƙafafu, sannan in bi da yumɓun da na tace sau biyu don kada tsakuwa ta fasa shi. Idan ya sha iska ya ɗan yi tauri, sai in murza wani yumɓun ya yi falle-falle, in lulluɓe dokin tun daga wuya har gwiwa. Nan ne aikin yake. Lifidi riga ce da ake cusa wa auduga a ɗinke ta layi-layi, saboda haka da bakin allura nake zana kowane ɗinki, ina danna tsakiya kaɗan don ya kumbura kamar na gaske. Doki ɗaya yakan cinye mini dare uku.

Na farko da na gina na sa shi yana sukuwa, ƙafafun gaba a sama, domin haka ya fi kyau a ido. Da gari ya waye sai na tarar nauyin lifidin ya karya ƙafafun baya. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya daɗe yana hawan sallah, ya ɗauki gutsuren ya jujjuya, ya ce, “Ɗana, dokin lifidi ba na tsere ba ne, takawa yake yi, shi ne bangon da kibiya ke tsayawa a kai.” Tun daga ranar nake gina su a tsaye, ƙafafu huɗu a ƙasa, wuya a ɗan sunkuye.

Fuska kuwa ba na fitar da ita, nakan bar kwalkwali da rawani su rufe ta, kuma hankalina ya fi kwanciya da haka. Garkuwa da guntun fata nake yin ta, mashi da tsinken tsintsiya, sulke kuma da siririyar waya da nake naɗewa a jikin allura in yanka zobe-zobe.

Hunturu ne babban abokin gabana, domin iskarsa tana tsaga yumɓu kafin ya bushe, shi ya sa nake rufe dakarun da jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin gado. Yanzu haka 'yan lifidi shida ne a can, suna jiran in gama musu 'yan baka da za su tsaya a bayansu.