Ganyen waken Ummi

Asabar, bayan isha'i.

Tun ranar Alhamis na kai gwangwanin waken da Ummi ta shuka ɗakin ajiya na kulle cikin duhu, don ganyen ya cinye sitacin da ya tara, mu gwada ko sai da hasken rana yake yin sabo. Da safiyar nan na fito da shi, na naɗe rabin ganye ɗaya da baƙar takarda, muka ɗora gwangwanin kan katanga inda rana take bugawa. Allah Ya taimake mu, hazon ya ɗan yi sauƙi yau.

Bayan la'asar muka tsinke ganyen. Na tsoma shi a tafasasshen ruwa, na sa shi a kwalbar sipirit, na tsayar da kwalbar cikin ruwan zafi nesa da wuta, har koren ya fita duka. Da na ɗiga aidin, maganin nan da ke rina sitaci ya yi baƙi, ɓangaren da ya sha rana ya rine ya yi baƙi-baƙi, wanda aka rufe ya tsaya ruwan ƙasa. Iyakar takardar ta fito sarai kamar an ja da rula. Ummi sai da ta yi ihu.

Baba yana kan tabarma yana kallonmu. Ya ce, "Duk wannan wahalar ta mece ce? Shuka ai ƙasa take ci."

Mutumin da ya yi shekaru yana noma a Kura, ba na iya ce masa ba haka ba ne kai tsaye. Na ce, "Baba, ruwa da taki daga ƙasa suke, wannan gaskiya ne. Amma yawancin busasshen jikin itace daga iska yake." Na yi masa bayani cewa a cikin ƙwayoyin ganye akwai wasu ƴan ɗakuna, kuloroplas, cike da koren sinadarin nan kulorofil da muka wanke a sipirit. Shi yake kama hasken rana, da ƙarfin hasken ake raba ruwa, iskar oksijin ta fita, ita muke shaƙa. Sannan iskar kabon ta shigo ta ƙananan ƙofofin bayan ganye, a haɗa ta a yi sukari, rarar a adana ta sitaci. Shi aidin ya tona.

Na ba shi labarin wani masanin kimiyya, Ban Helmon, wanda a ƙarni na 17 ya shuka itace a tukunya shekara 5. Itacen ya ƙaru da kusan kilo 74, ƙasar kuwa ko giram 60 ba ta ragu ba. Shi ma ya ɗauka ruwa ne kaɗai, bai gano rawar da iska ke takawa ba.

Baba ya yi shiru. Can ya miƙo hannu ya tsinki wani ganyen, ya juya bayansa, ya kai kusa da ido. "Ina ƙofofin?" Na ce sai da madubin ƙara girma. Ya ce in na samu aro, in kawo gida ya gani.

Ummi ta danne ganyenta a tsakiyar littafi, ranar Litinin za ta kai wa malaminsu.