Ku Juya Kaya Ciki Waje Kafin Ku Taya

Ƙannena masu zuwa kasuwar Sawarik da ke kudancin Jidda ranar Juma'a bayan la'asar kuna tonon gwanjo, ina lura da ku. Da kun ɗaga riga, wuyanta kuke fara leƙawa ku ga sunan kamfani. Ni ma haka na fara, kuma tambarin nan ya ci min riyal mai yawa kafin hannuna ya koyi zuwa inda ya kamata, wato cikin kaya. Mai ha'inci waje yake gyarawa, don can ido ke sauka. Ciki kuwa sai ya bar shi yadda yake.

Wandon jins na Levi's shi ya fara ba ni kashi. Na ji labarin cewa ɗan jan ƙyallen nan na jikin aljihun baya, wanda kamfanin ya fara sawa a 1936, da babban harafin E ake rubuta sunan a kansa har zuwa 1971, daga nan aka koma ƙaramin e. Gaskiya ne. Rannan na ci karo da mai babban E a cikin dila, jikina har rawa yake. Mai kayan bai yi min ƙarya ko ɗaya ba, fuskata kawai ya kalla ya faɗi kuɗi, na biya ban ko taya ba. Sai da na je gida na juya wandon na ga farar takardar wanki a ɗinke, da rubutu cikin harsuna barkatai. Dokar da ta tilasta ɗinka bayanin wanki a jikin tufafi a Amurka sai a 1972 ta fara aiki, to me zai kai irin wannan takarda cikin wandon shekarun 1960? Ashe kamfanin da kansa yana sake fitar da samfurin dā, da babban E ɗinsa da komai, yana sayarwa a fili a matsayin sabo. Wando ne mai kyau, amma ba tsoho ba.

In kuna son sanin shekarun irin wannan wando, ku zura hannu ta ciki, daidai saman aljihun baya. Daga 1937 zuwa 1966 akwai 'yan ƙusoshin jan ƙarfe da aka ɓoye a nan, ta ciki kaɗai ake ganinsu; bayan haka aka maye gurbinsu da ɗinki mai kauri. Ku naɗe ƙafar wandon kuma, ku ga ko bakin yadin saƙaƙƙe ne mai ɗan jan zare, irin na tsohon injin saƙa da aka bari wajen tsakiyar shekarun 1980. Masu sake fitar da samfurin dā suna kwaikwayon waɗannan ma, shi ya sa alama ɗaya ba ta isa. Sai kun ga ƙyalle da ƙusa da zare da yadda wandon ya koɗe duk suna faɗin magana ɗaya.

Abin da ya fi sunan kamfani amfani a jikin tambari shi ne sunan ƙasa, musamman ƙasar da ta mutu. Kwat ɗin da aka rubuta Jamus ta Yamma a jikinsa ba zai wuce 1990 ba. Tarayyar Sobiyet ta watse a 1991, Cekoslobakiya ta rabu biyu a ƙarshen 1992. Wanda kuma ke ɗauke da adireshin intanet, komai tsufan da ya nuna, bai riga tsakiyar shekarun 1990 zuwa duniya ba. Sai dai ku dubi zaren da aka ɗinka tambarin da shi. In ya bambanta da na sauran rigar, ko kuka ga tsofaffin ramukan allura a gefensa, to daga wata rigar aka ciro shi. Rigar shan iska ta Amurka ta dā kalmasarta layi ɗaya ce a hannu da ƙasa, layi biyu daga baya ya yawaita. Zif mai suna Talon shi ma alama ce mai kyau, amma tela na iya canza zif cikin minti goma.

Yadi kuwa wuta ke tona masa asiri. Ku zare zare ɗaya daga cikin kalmasa, a gida ba a rumfar mutane ba, ku kusanta shi da ashana. Auduga warin takarda take yi ta bar toka mai laushi. Ulu da siliki warin ƙonannen gashi suke yi. Na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri.

Takalmi ne inda na fi jin kunya. Na sayi wani na wasanni, tsohon samfuri, a kwalinsa, ba a taɓa taka ƙasa da shi ba, na ajiye sai ranar Idi. Ban kai masallaci ba ƙasansa ya fara zubewa gari-gari a kan kwalta, na dawo gida da silifas na aro. Wani irin soso ne ake yi wa takalman wasanni da yawa, wanda laimar iska ke ci a hankali ko ana sawa ko ba a sawa, wanda aka ajiye ma ya fi saurin mutuwa. Kun kuwa san laimar Jidda a watan Agusta da Satumba. Ku danna ƙasan takalmi da babban yatsa. In ya lotsa bai dawo ba, ko ya yi danƙo, ku bar shi sai dai in ado za ku yi da shi a kan kanta. Takalmin fata mai ɗinkakken ƙasa shi ne abin saye, don baduku zai iya sake masa ƙasa. In Converse kuke bi, a 2001 aka daina yin sa a Amurka, wannan ya ba ku iyaka.

Agogo da tabarau ba zan daɗe a kansu ba. Shekaru da yawa alhazai na sayen Seiko da Rado da Orient a nan su kai tsaraba, don haka tsofaffinsu ba su da wuyar samu. Matsalar ita ce waɗanda aka sake wa fenti a fuska, aka haɗa injin wani da jikin wani. Na taɓa sayen irinsa saboda fuskarsa na walƙiya, alhali walƙiyar ce ya kamata ta tsorata ni, tunda jikinsa duk ƙarzuwa ne. A sa mai gyara ya buɗe bayan agogo kafin a biya. A tsohon Seiko, lambar farko ta jerin da ke marfin baya ita ce ƙarshen shekarar da aka yi shi, ta biyu kuma wata. Tabarau na Ray-Ban da aka yi kafin masu shi na dā, Bausch & Lomb, su sayar da sunan a 1999, galibi za ku ga ƙananan haruffa BL a zane a gefen gilashin.

Amma asarar da ta fi yi min ciwo ba a kayan Turawa na yi ta ba. Lokacin da aka rushe tsofaffin unguwanni irin su Sabil da Karantina daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, mutanenmu da yawa sun tashi cikin gaggawa, akwatunan tsofaffi suka fito kasuwa a araha. A cikinsu akwai manyan riguna na iyayenmu da kakanninmu, waɗanda suka zo ta ƙasa, suka ratsa Cadi da Sudan suka tsallako teku tun kafin jirgin sama ya zama ruwan dare. Na wuce tsamiya, na wuce saƙi, na wuce barage, duk yadukan saƙar hannu na dā, idona na kan jins. Wasu 'yan kasuwa da ba su jin Hausa ko kalma ɗaya su suka kwashe.

Ita ma babbar riga ta ciki ake gane ta. Ta dā ba daga faffaɗan yadi aka yanka ta ba. Masaƙi ne ya saƙa siraran ƙyallaye, faɗin kowanne bai wuce 'yan yatsu ba, tela ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya haɗa da allura. In kun juya za ku ga layukan haɗin, ba su miƙe sak ba, wani wuri ɗinkin ya matsu wani wuri ya saki. Aikin wuya da na aljihu, ko aska biyu ne ko aska takwas, ku dubi bayansa. Na hannu yana da ƙulli da inda zare ya ƙare aka sa wani, launin ma kan ɗan sāɓa. Na keke kuwa bayansa sumul yake, da zaren ƙasa mai bin ko'ina daidai wa daida. Tsamiya ta gaske ba ta sheƙi, launinta na ƙasa-ƙasa ne, tana da ɗan kaushi a hannu. Wannan dubawar ce dai za ku yi wa alkyabbar Larabawa, bisht, wadda samari suka farga da ita tun da aka yafa wa Messi a Ƙatar a 2022. Ta Al-Ahsa, a gabashin Saudiyya, mai aikin hannu, zarinta, wato zaren ado mai ruwan zinariya, na da nauyi, in ya tsufa dusashewa yake a hankali, na roba kuwa ɓarewa yake.

Riga ɗaya na samu daga baya, a gidanmu ma, baƙar kore mai sheƙin shuni a akwatin gwaggona. Da zan ɗauka ta ce, “Ɗan nan, rigar kakanka ce, ba a kai ta ruwa.” Na ce, “To, Gwaggo,” na fita na jefa ta a injin wanki saboda warin ajiya. Sheƙin nan shuni ne da masu bugu suka daka a jikin yadi, ba ya jure ruwa. Ta fito fes, ta zama shuɗiyar riga kamar kowace, kuma ban san mai bugu ko ɗaya a Jidda ba; sai dai a aika Kano ko Kura.

In kun sami irinta, ku shanya ta a inuwa ta sha iska, kada rana ta taɓa ta. Ban da leda, don leda na tara gumi ta kawo fumfuna. A naɗe ta cikin tsohon zanen auduga, a ajiye a ɗaki mai na'urar sanyaya, a riƙa fito da ita ana canza ninki don kada zare ya karye a kan layi ɗaya. Mai nauyin aiki ba a rataye ta, kafaɗa take yagewa. Kuma tun masu akwatunan na da rai, ku zauna ku tambaye su wa ya ɗinka, a wane gari, wa ya shigo da ita ƙasar nan, ku rubuta a takarda ku sa a aljihun rigar.