Inda na kai a R: haɗa rubutu da paste

'Yan uwa masu koyon R, harshen kwamfuta na nazarin bayanai, barkanmu da ƙoƙari. Wannan makon a kan haɗa rubutu na tsaya, domin ina da teburin farashin hatsi, kuma ina son kowane layi ya sami laƙabinsa, sunan jiha manne da na ƙaramar hukuma.

Farkon abin ba wuya. paste("Kano", "Dala") yana ba da "Kano Dala", shi da kansa yake barin fili a tsakani. In wata alama kake so, sai ka gaya masa da sep = "-", ya fito "Kano-Dala". Ƙaninsa paste0, wanda ya shigo a R 2.15.0 a 2012, ba ya sa komai a tsakani.

Collapse kuwa aikinsa daban. Sep yana shiga tsakanin abubuwan da ka miƙa ɗaya bayan ɗaya, collapse kuma yana dunƙule jeri guda ya zama rubutu ɗaya. paste(c("Dala", "Fagge", "Gwale"), collapse = ", ") zai ba ka "Dala, Fagge, Gwale". Sa sep a wurin ka gani, sunayen uku za su dawo maka a warwatse yadda ka ba shi.

Abin da na fi so ku kula da shi: paste bai iya cewa a'a ba. Duk abin da ka ba shi, rubutu yake mayar da shi, ko gargaɗi babu. In gurbin ƙaramar hukuma NA ne, wato alamar da R ke sa wa gurbin da babu bayani, sai ka ga "Kano NA", kuma daga nan is.na, mai gano NA, ba zai ƙara gane cewa akwai giɓi ba. Shi ya sa na fi natsuwa da str_c na kunshin stringr: shi ma haɗa rubutu yake yi, amma in ya ci karo da NA, NA ɗin yake dawo maka da shi.

Lambobi ma haka. paste0("N", 100000) yana fitar da "N1e+05", wato dubu ɗari a gajeren salon kimiyya, alhali 123456 lafiya lau yake fitowa, don haka sai a cikakken farashi irin dubu ɗari ne ɓarnar ke bayyana, can tsakiyar tebur inda ido bai cika kaiwa ba. Maganinsa sprintf("N%.0f", farashi). Da sprintf("%03d", 7) kuma nake samun "007" don lambar layi.

Mako mai zuwa glue, wani kunshin haɗa rubutu, zan gwada, in Allah ya kai mu. Wanda ya riga ni taɓa shi, ya faɗa mana yadda yake yi da NA.